'Yancin da Ke Jingine da Bango: Nazari a Kan Fim ɗin Indie Game: The Movie

A shekarar 2012 wasu 'yan ƙasar Kanada biyu, Lisanne Pajot da James Swirsky, suka fitar da fim mai suna Indie Game: The Movie. Fim ne na gaskiya, wanda ya bi sawun mutum huɗu masu ƙirƙirar wasannin bidiyo ba a ƙarƙashin wani babban kamfani ba: Edmund McMillen da Tommy Refenes masu Super Meat Boy, da Phil Fish mai Fez, da Jonathan Blow mai Braid. Fim ɗin ya ci kyautar tace hoto a bikin fina-finai na Sundance da ke Amurka. Wannan muƙala tana ganin cewa a wannan tacewar ƙarfinsa yake, kuma a cikinta rauninsa ya ɓuya.

Babban abin yabo shi ne yadda fim ɗin ya ɗauki wasan bidiyo a matsayin adabi. Jarumin McMillen yaro ne marar fata, tsoka zalla, wanda duk abin da ya taɓa shi sai ya ji masa ciwo, yana neman ceto wata yarinya da aka yi da bandeji. Da mai wasan ya buɗe baki, sai mai kallo ya gane cewa kansa ya zana. Shi kuwa Blow, wasansa ya samu karɓuwa tun 2008, amma baƙin cikinsa shi ne an yaba masa ba tare da an fahimce shi ba. Duk ɗalibin da ya nazarci rubutacciyar waƙa ya san irin wannan kukan.

Sai dai tsarin labarin ya karkata. An jera wasanni uku kamar jiya da yau da gobe: Braid ya riga ya fita, Super Meat Boy yana bakin fita a watan Oktoba na 2010, Fez kuwa ya ƙi ƙarewa tun da aka sanar da shi a 2007. Masu tacewa sun tara fargaba da rashin barci da hawaye, sannan suka warware su da alƙaluman ciniki. Dukkan wasannin uku sun yi nasara. Darasin da ya fito ke nan: kowa ya sha wuya zai sha daɗi. Ina waɗanda suka sha wuyar, wasansu ya fito, ba wanda ya saya? Kyamara ba ta leƙa ɗakinsu ba.

Rauni na biyu sai mai kallo irin na Matsinkai, a ƙaramar hukumar Bagudo, zai fi saurin ganinsa. Jaruman fim ɗin suna kukan talauci da kaɗaici, amma wutar lantarki tana nan, intanet yana nan, kwamfuta tana kunne dare da rana. Kasuwar Xbox ta kamfanin Microsoft tana jiran hajarsu. Fish ya fara kamfaninsa da rancen gwamnatin Kanada, shi kansa fim ɗin da gudummawar jama'a ta shafin Kickstarter aka yi shi. Matashin da ke kan iyakar Najeriya da Benin, wanda ke kai wayarsa shagon caji kuma yake ƙidaya data kamar kuɗin cefane, ya san cewa wannan 'yancin a jingine yake da bango mai kauri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma fim ɗin ya haska hannun ya bar sauran a duhu.

Akwai wata hanyar ba da irin wannan labari. Jerin Double Fine Adventure, wanda ya bi yadda Tim Schafer da ma'aikatansa suka yi wasan Broken Age bayan sun tara sama da dala miliyan 3 a 2012, ya nuna taron kasafi, da ƙarancin kuɗi, da yadda dole ta sa aka raba wasan gida biyu. A can sana'a ake gani, da gumin jama'a. Wannan salon ne zai dace da labarin kamfanin Kiro'o na birnin Yawunde, wanda ya fitar da Aurion a 2016 yana fama da ɗaukewar wuta, ko Maliyo na Legas mai yin wasannin waya.

Saboda haka, a kalli Indie Game domin a ga yadda mai fasaha ke zuba ransa cikin aikinsa, amma kada a ɗauke shi taswirar hanya. Ƙasar da ta daɗe tana buga dara a gindin bishiya ba ta rasa masu tsara wasa. Duk wanda zai ɗauki fim ɗin ɗan Kabi da ke ƙoƙarin mayar da dara cikin waya, wajibi ne ya saka ƙarar janareta da farashin fetur a cikin labarin, domin su ma jarumai ne a cikinsa.