Tambaya Marar Amsa: Tsokaci a kan Wasan Kwamfuta na Baldi's Basics

Wannan maƙala za ta dubi wani wasan kwamfuta mai suna Baldi's Basics in Education and Learning, wanda Micah McGonigal, ɗan ƙasar Amurka, ya fitar a shekarar 2018 ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. Ya shirya shi ne domin gasar Meta Game Jam, inda ya zo na biyu. Da gangan aka kwaikwayi wasannin koyar da yara na shekarun 1990, da zanensu marar kyau da muryoyinsu masu ƙaraji.

Zubin wasan mai sauƙi ne. Ɗan wasa zai shiga makaranta ya tattara littattafan rubutu 7, kowanne ɗauke da tambayoyin lissafi 3. Malamin, wato Baldi mai sanƙo, yakan tarbe shi da fara'a, har ya ba shi tukuicin tsabar kuɗi idan ya ci tambayoyin farko. A littafi na biyu ne al'amari ke juyewa. Tambaya ta uku takan fito a cakuɗe, lambobi bisa lambobi, babu yadda za a karanta ta balle a amsa. Nan take fuskar malam ta murtuke, ya ɗauki rula yana buga ta a tafin hannunsa, ya bi ɗalibi lungu-lungu.

A nan ƙarfin wasan yake. Duk mai yin tambaya, malami ne ko mai kacici-kacici, akwai alkawari tsakaninsa da wanda yake tambaya, cewa amsa tana nan. A dandalin Bahaushe ma, wanda ya kasa yakan ba da gari a faɗa masa amsa, a rabu ana dariya. Baldi ya karya wannan alkawari: ya yi tambayar da ba ta da amsa, sa'an nan ya hukunta ɗalibi a kan rashin saninta. Tsoron da ke cikin wasan ba na dodo ba ne, na zaluncin mai iko ne, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya sani. Haka kuma an sarrafa sauti da gwaninta, domin tazarar da ke tsakanin bugun rular ita ke shaida wa ɗan wasa saurin malamin, kuma kowane kuskure yana ƙara masa sauri.

Sai dai dabarar ba ta jure maimaici. Tun daga littafi na biyu, kowace tambaya ta uku haka take, sauran kuwa tarawa ce da ɗebewa irin ta 'yan aji ɗaya. Da zarar ɗan wasa ya gane haka, tambayoyin sun zama shan ruwan tsuntsaye, wasan ya koma guje-guje kawai. Ashe jigon da aka gina wasan a kansa shi aka fara yasarwa.

Sauran taurarin ma ba su cika taimakon jigon ba. Yarinyar da ke tilasta tsallen igiya sau 5, da shugaban makaranta mai tsare wanda ya yi gudu a baranda, sukan haɗu su datse hanya a lokaci guda, ta yadda faɗuwa kan zama ta rashin sa'a maimakon rashin dabara. Baldi's Basics Plus, wanda aka fara sayarwa a 2020, ya kawo taswirar makaranta mai sauyawa a kowane zagaye, amma gyaran ya fi shafar guje-gujen fiye da tambayar.