Yadda Ake Ƙera Jagora a Kan Takarda: Hulk Daga Bauta Zuwa Sarauta

A shekarar 2006 kamfanin Marvel na Amurka ya ɗauki Hulk, ƙaton nan kore wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira tun 1962, ya sa shi cikin wani dogon labarin zane mai suna Planet Hulk. Labarin ya cinye fitowa 14 ta mujallar Incredible Hulk, daga ta 92 zuwa ta 105, sai a 2007 ya kammala. A farkonsa Hulk bawa ne da ake turawa fili ya yi faɗa don 'yan kallo su nishaɗantu. Kafin ƙarshensa ya zama jagoran bayi da talakawan da suka tumɓuke sarki. Faɗar haka da baki ba ta da wuya. Wuyar tana wajen sa mai karatu ya gaskata, ya ji a ransa cewa wannan halitta da aka sani da fushi da farfasa abubuwa ta cancanci a bi bayanta. Wannan kuwa aikin hannu ne na mutane da dama, kowa da kayan aikinsa, shafi bayan shafi har sama da 300.

Ga yadda labarin ya tashi. Jarumai huɗu, Iron Man da Reed Richards da Doctor Strange da Black Bolt, suka yanke shawarar cewa zaman Hulk cikin mutane ya zama haɗari. Suka yaudare shi ya shiga kumbo, suka cilla shi zuwa wata duniya mai lumana inda ba zai taɓa kowa ba. Kumbon ya kauce hanya, ya faɗa wata duniyar mai suna Sakaar, inda wani azzalumi da ake kira Jan Sarki yake mulki. Tafiyar ta raunana Hulk har makami yana iya yankar fatarsa. Aka kama shi, aka dasa masa wani ɗan faifai a ƙirji, faifan biyayya, wanda ke gana wa bawa azaba duk lokacin da ya ƙi bin umarni.

Aikin yana farawa daga teburin marubuci. Greg Pak, wanda ya rubuta labarin, daga harkar fim ya fito, saboda haka ya saba da tunani cikin hotuna. Marubucin irin wannan littafi yana rubuta shafi na kaza, akwati na kaza. Akwati shi ne kowane hoto guda da aka kewaye da layi. A ƙarƙashin kowane akwati sai ya bayyana abin da za a gani, wa ke tsaye, wa ke durƙushe, sannan ya rubuta abin da kowa zai faɗa. A wancan lokacin fitowa ɗaya takan ɗauki shafi 22 na labari, shafi ɗaya kuma galibi akwati huɗu zuwa shida. Dole marubuci ya zama mai lissafi, domin idan ya ba faɗa shafi takwas, to ya rage wa hira wurin zama. Yana kuma lura da inda hannun mai karatu zai juya takarda. Akwatin ƙarshe na shafin dama yakan ɗauki tambaya, amsar kuma a ɓoye ta a bayan takardar, don kada ido ya riga hannu ganinta.

Babbar matsalar da Pak ya tarar ita ce halin Hulk kansa. Fiye da shekara 40 abin da Hulk yake nema ɗaya ne, a ƙyale shi shi kaɗai. Malalacin marubuci zai ɗora shi kan dutse ya yi jawabi mai zafi a kan 'yanci, jama'a su yi shewa, shi ke nan an samu jagora. Pak ya bi doguwar hanya, ya raba labarin kashi huɗu: kora, hargitsi, mubaya'a, halaka. Da farko ya rage wa Hulk ƙarfi, don wanda ba a iya ji wa ciwo ba ya buƙatar kowa. Sannan ya haɗa shi da wasu bayin, kowa da nasa rashin. Akwai Korg, mutumin dutse da aka tilasta masa yaƙar 'yan'uwansa. Akwai Miek, ɗan ƙabilar ƙwari da aka ɗaiɗaita danginsa. Akwai Hiroim, malamin addini da mutanensa suka kora, da Elloe Kaifi, 'yar babban gida da ta juya wa daula baya, da wata halitta ta jinsin Brood wadda ko suna ba ta da shi. Bayan an kashe wani abokin bautarsu, Lavin Skee, sai suka zauna kowa ya ba da labarinsa, suka ƙulla amanar yaƙi, suka kira kansu Warbound. Jagoranci bai zo ba tukuna. Abin da aka samu a wannan mataki shi ne Hulk ya daina zama shi kaɗai.

Mataki na gaba zaɓi ne. Bayan sun yi nasara a fili, aka ce sharaɗin 'yancinsu shi ne su kashe Elloe, wadda ta bar su ta shiga cikin 'yan tawaye aka kama ta. Suka ƙi. Silver Surfer, wani jarumin da shi ma aka bautar a Sakaar, Hulk ya riga ya fasa masa faifansa a tsakiyar faɗa, sai Silver Surfer ya lalata faifan kowane bawa da ke wurin. Ya yi wa Hulk tayin fitar da shi daga duniyar, Hulk ya zauna. Daga nan jama'a suka fara binsa tun bai amince ya jagorance su ba, domin a Sakaar akwai tsohon annabci game da mai ceto da kuma mai rushe duniya, kuma babu wanda ya san wanne ne Hulk. Daga baya Caiera, babbar mai tsaron Jan Sarki, ta ga maigidanta yana hallaka talakawansa, ta koma ɓangaren 'yan tawaye. Tsarin ya yi kama da tarihin Spartacus, bawan filin faɗa da ya tayar wa Rumawa a shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa, amma kowane mataki sai da aka biya kuɗinsa da wani abu da ya faru a gaban idon mai karatu.

Daga nan rubutu ya koma hannun mai zanen fensir. Carlo Pagulayan, ɗan ƙasar Filifin, da Aaron Lopresti su ne suka raba mafi yawan shafukan. Mai wannan sana'a ba ya fara da babbar takarda. Yana fara da ƙananan zane a gefe, kowane shafi bai kai tafin hannu ba, babu ido babu hanci, sai dunƙulen baƙi da fari. A nan yake gwada inda kowa zai tsaya da yadda idon mai karatu zai bi shafin daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, ba tare da ya ɓata ba. Idan ya gamsu, sai ya ɗauko farin kwali mai santsi, faɗinsa inci 11, tsawonsa inci 17. Ya ja layin akwatuna da rula. Ya shata ƙasusuwan jiki da shuɗin fensir, wanda launinsa ba ya fita idan aka ɗauki hoton shafin. Sai ya bi sama da baƙin fensir yana ɗora tsoka da tufa da fuska. Ƙwararre yakan gama kusan shafi ɗaya a yini.

A nan ne sauyin Hulk yake shiga ido kafin ya shiga tunani. Ƙa'idar masu zane ce cewa wanda aka kalla daga sama yakan ƙanƙance, wanda aka kalla daga ƙasa yakan girma. Fursuna ana matse shi a ƙaramin akwati, kafaɗunsa na taɓa layi, bango ko mashi ya tare masa gaba. Jagora ana buɗe masa fili, a bar sarari a saman kansa, a sa idanun sauran mutanen akwatin su karkata zuwa gare shi, sai idon mai karatu ya bi nasu. Akwai kuma kiyaye ƙananan abubuwa. Faifan nan na ƙirji dole ya kasance a gurbinsa a kowane akwati, ko Hulk ya juya ko ya sunkuya, don ranar da ya ɓace a ji rashinsa. Haka sulken da ke hannunsa, haka tabon da ya sa ake kiransa Koren Tabo. Taron jama'a kuwa shi ne ma'aunin haƙurin mai zane. Mai gaggawa zai yi ƙananan da'irori ya ce kawuna ne. Mai himma zai bambanta jajayen mutanen daula da ƙabilar ƙwari da dogayen da ake kira Mutanen Inuwa, ya ba wannan sanda, ya ba waccan goyo, domin juyin juya hali ba ya tabbata a takarda sai an ga fuskokin masu yinsa.

Shafin fensir sai ya wuce wurin mai tawada. Jeffrey Huet ne ya bi zanen Pagulayan. Kayan wannan sana'a baƙar tawada ce mai kauri, da alƙalami mai siririn bakin ƙarfe, da buroshi na gashin wata ƙaramar dabba ta ƙasar Siberiya, wanda bakinsa ke tsukewa ya yi tsini idan ya jiƙe. Mai tawada yana tsoma buroshi, ya murza bakinsa a kan wata takardar gwaji, sannan ya ja layi da numfashi ɗaya. Idan ya danna, layin ya yi kauri. Idan ya sassauta, ya sirance har ya ƙare kamar zare. Da wannan bambanci yake nuna nauyi, ɓangaren jiki da ke inuwa ya samu layi mai kauri, wanda haske ke duka ya samu siriri. Kowace fata da irin layinta. Jikin Korg yana son gajerun layuka masu karyewa da ɗigo-ɗigo don ya zama dutse. Ɓawon Miek yana son baƙi mai sheƙi. Jikin Silver Surfer yana son layi mai sulɓi da farin fili don ya zama azurfa. Tawada ba ta gogewa. Idan hannu ya zame, sai a rufe wurin da farin fenti, a jira ya bushe, a sake.

Sai a ɗauki hoton shafin zuwa kwamfuta, inda Chris Sotomayor ya yi aikin launi. Da farko ana cika kowane sashe da launi ɗaya shimfiɗaɗɗe, fata daban, sulke daban, sama daban. Bayan haka mai launi ya zaɓi inda rana take, ya ɗora haske da inuwa. Sakaar duniya ce ta ja da ruwan ƙasa, ga hamada, ga wuta, ga jan sulken sarki. Kore da ja kuwa kishiyoyi ne a ido, kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Saboda haka ko a tsakiyar mutum ɗari, ido yana faɗawa kan Hulk. Labarin ma ya yi amfani da wannan, domin inda koren jininsa ya zuba, tsiro yakan fito daga busasshiyar ƙasa. Mai karatu yana ganin kore yana yaɗuwa cikin ja, sai ya fahimci dalilin da ya sa talakawan Sakaar suka fara sa rai.

Na ƙarshe shi ne mai ɗora rubutu. Yana zana kumfar magana, wato farin zagayen da kalmomi ke zama a ciki, ya ja wutsiyarta zuwa bakin mai maganar. Wanda ya fara magana, kumfarsa ce za ta kasance sama ko hagu. Ba a rufe fuska, ba a rufe hannun da ke riƙe da makami. Hulk na wannan labari yana magana da cikakkun jimloli amma gajeru, kuma Bruce Banner, mutumin da ke cikinsa, da ƙyar yake bayyana. Ƙananan kumfa a gefen jiki mai girma haka suna sa kowace kalma ta yi nauyi.

Akwai wuri guda da duk waɗannan hannaye suke barin fanko da gangan, siririn farin layin da ke tsakanin akwati da akwati. A wannan akwati an ɗaga takobi, a na gaba mutum yana ƙasa. Saran kansa mai karatu ne ya yi shi a zuciyarsa. Gwanintar ita ce zaɓen hotuna biyun da za su sa ya cike tsakaninsu daidai. Kamar ɗinkin aska a wuyan babbar riga ne, daga nesa zane ɗaya ake gani, amma allura ta shiga ta fita ba adadi.

Hulk ya kayar da Jan Sarki, aka naɗa Hulk sarki, ya auri Caiera, ta ɗauki ciki. Sai kumbon da ya kawo shi ya fashe, ya hallaka babban birnin, Caiera ta mutu. Daga nan aka shiga World War Hulk na 2007, wanda John Romita Jr. ya zana, inda Hulk ya komo duniyarmu neman fansa. An mayar da Planet Hulk fim ɗin zane a 2010, fim ɗin Thor: Ragnarok na 2017 kuma ya ari Sakaar da Korg da Miek da filin faɗan. Abin da ya sa fashewar kumbon take taɓa zuciya shi ne mai karatu ya san abin da aka rasa, ya ga yadda aka gina shi wata bayan wata, tun daga faifan ƙirji har zuwa kujerar mulki. Littafin da mutum zai karanta cikin yamma ɗaya ya ci wa masu yinsa fiye da shekara guda suna sunkuye a kan tebur, kuma wannan haƙurin nasu ne ya sa aka yarda cewa bawa ya zama jagora.