Lambar yabon kare muhalli: wa ya auna, kuma a ina?

Idan ka ga kamfani yana nuna lambar yabo ta kare muhalli, kada ka yi saurin tafi. Bari in ba ka labarin wata mota tukuna.

A ƙarshen 2008, mujallar Green Car Journal ta Amurka ta zaɓi Volkswagen Jetta TDI mai amfani da dizal a matsayin motar da ta fi kare muhalli ta shekarar 2009. Shekara ɗaya bayan haka Audi A3 TDI, ita ma ta gidan Volkswagen, ta karɓi lambar. A takarda komai ya yi daidai: motocin ba sa shan mai da yawa, kuma sun ci gwajin hayaƙi na gwamnati.

Sai masu bincike a Jami'ar Wes Bajiniya suka ɗora na'urar aunawa a kan motocin, suka hau titi da su. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna Jetta tana fitar da iskar nitirojin oksaid ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta yarda. Wannan iska ce mai tayar da asma da lalata huhu. A Satumban 2015 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta tona asirin: akwai manhaja a cikin motar da ke gane lokacin da ake gwada ta, sai ta kunna cikakken tsarin tace hayaƙi, da an fita titi kuma ta sassauta shi. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne a duniya ke ɗauke da ita. Mujallar ta ƙwace lambobin biyu, amma bayan an shafe shekaru ana talla da su. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo.

To, za ka ce ai yaudara ce, alƙalai ba su da laifi. Da gaskiyarka, amma rabi. Tsarin tantancewa da ya dogara ga gwajin da mai nema ya san yadda ake yinsa, ƙofarsa a buɗe take tun farko. Kuma alƙalan da suka fi zuba ido kan tanadin mai za su iya yaba injin da ya rage wata guba ya ƙara wata.

Ko babu maguɗi ma, alƙaluma na iya ruɗa ka. Ɗauki masana'antar da ta rage dattin da take fitarwa kan kowane buhun kaya da kashi 20 cikin ɗari, amma ta ninka yawan kayan da take yi. Yi lissafin da kanka: dattin da ke shiga kogi ya ƙaru da kashi 60. Duk da haka za ta rubuta "mun rage kashi 20", kuma ba ta yi ƙarya ba.

Akwai kuma ruɗani tsakanin hana gurɓata da share ta. Dokar hana gurɓata muhalli ta Amurka ta 1990 ta jera matakai: a fara da rage dattin daga tushe, sannan sake sarrafawa, sannan tacewa, zubarwa ce ta ƙarshe. Na'urar da ta kama guba daga hayaƙi ta mayar da ita toka ko laka ba ta hana komai ba, sai an faɗa maka inda aka kai tokar. Riga-kafi ai ya fi magani, amma a takardar neman lamba sau da yawa ana cakuɗa su.

Ba cewa nake a daina ba da lambobin ba. Yabo yana zaburar da injiniyoyi, kuma yana yaɗa dabarar da ta yi aiki. Abin da nake so ka tambaya shi ne: wa ya auna, mai neman ko wani daban? A ɗakin gwaji ko a wurin aiki? Da wace shekara aka kwatanta? Jimilla ce ko kaso? Kuma idan gaskiya ta fito daga baya, akwai tanadin ƙwace lambar?

Idan masu ba da lambar suka kasa amsa maka waɗannan, to ka ɗauke ta a matsayin talla.