Uwa Ɗaya, Jarumai Bakwai

A birnin New York akwai rukunin gidajen wasa da ake kira Broadway, inda ake yin wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa a gaban jama'a kai-tsaye, sau takwas a mako. A finafinanmu na Kannywood mawaƙiya ce ke rera waƙa a situdiyo, jaruma ta bi da baki a gaban kyamara. A can kuwa jarumar ce ke fitar da muryar da kanta, makaɗa na zaune a ƙasan dandamali suna biye da ita, in ta yi tuntuɓe babu mai cewa a sake ɗauka. Cikin duk rawar da ake ba mata a wannan sana'a, akwai guda ɗaya da aka daɗe ana ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafi: Rose, uwar da ke cikin wasan Gypsy.

An fara nuna wasan a watan Mayun 1959. Arthur Laurents ya rubuta labarin, Jule Styne ya tsara kiɗan, Stephen Sondheim ya rubuta baitukan, dukkansu suna dogaro da littafin tarihin rayuwar Gypsy Rose Lee wanda ya fito a 1957. Labarin wata mata ce daga Seattle da ta ɗauki 'ya'yanta mata biyu, June da Louise, tana yawo da su gari-gari a shekarun 1920 domin lallai sai ɗaya ta zama tauraruwa. June ce 'yar lele. Da ta gaji, sai ta gudu da wani saurayi. Uwar ta juya kan Louise, wadda ba ta iya waƙa ba, ba ta iya rawa ba, ta yi ta tura ta har ta kai ta ga rawar tuɓe kaya a wani gidan holewa. A nan yarinyar ta yi suna a matsayin Gypsy Rose Lee, ta yi kuɗi, ta kuma daina buƙatar uwar.

Wahalar rawar ba ta tsaya ga maƙogwaro ba, ko da yake maƙogwaron ma yana shan aiki. Rose tana shigowa ne ta bayan 'yan kallo, tana ratsa kujeru tana ɗaga murya, daga nan kusan ba ta sauka daga dandamali sai an rufe labule. Abin da ya fi wannan wuya shi ne a sa mutane su zauna kusan awa uku suna kallon uwar da ke cinye 'ya'yanta, ba tare da sun tsane ta ba, kuma ba tare da an wanke ta ba. In jaruma ta cika tausasa ta, wasan ya zama ƙarya. In ta cika zafafa ta, babu mai yarda cewa Herbie, mutumin kirkin da ke bin ta yana roƙon aure, zai jure mata shekaru.

Wurare biyu ake auna kowace jaruma. Na farko a tashar jirgin ƙasa, ƙarshen kashi na ɗaya, lokacin da wasiƙar June mai sanar da guduwarta ta iso. Kowa na jiran Rose ta haƙura ta koma gida, sai ta ɓarke da waƙa mai cike da fara'a da alkawarin nasara. Kiɗan na murna ne, abin da ke faruwa kuwa na tashin hankali ne, kuma dole jarumar ta riƙe biyun a lokaci guda. Na biyu shi ne waƙar ƙarshe, "Rose's Turn", inda take ita kaɗai a dandamalin da babu kowa, tana kwaikwayon tauraruwar da ta so zama. Waƙar an ɗinka ta ne da guntayen waƙoƙin da aka riga aka ji a wasan, suna dawowa a karye, har harshenta ya sarƙe a tsakiya.

Ethel Merman aka rubuta wa rawar, tana da shekara 51. Ita ce ma ta ƙi yarda a ba Sondheim, wanda a lokacin sabon shiga ne, aikin tsara kiɗan, shi ya sa aka kawo Styne. Muryarta kamar kakaki take, tana kai wa kujerar ƙarshe ba tare da wani taimako ba, kuma Styne ya auna waƙoƙin daidai da wannan muryar. Rose ɗin Merman ba ta waiwaye, ba ta shakka. Duk wadda ta zo bayanta ta gaji waƙoƙin da aka yanka wa wani maƙogwaron daban. Abin mamaki, lambar yabon Tony ta shekarar 1960 ta kuɓuce mata, Mary Martin ce ta ɗauka.

Angela Lansbury ce ta sauya tunanin kowa a kan rawar, a Landan a 1973, sannan a Broadway a 1974, Laurents da kansa yana ba da umarni. Akwai wata tsohuwar matsala a ƙarshen "Rose's Turn": mace ce ke rasa hankalinta, amma 'yan kallo na son yin tafi, in kuma jarumar ta rusuna ta karɓi tafin, ta fita daga labarin ke nan. Dabarar da suka fito da ita ita ce Lansbury ta rusuna, ta sake rusunawa, tafi ya fara raguwa ita tana ci gaba, har zauren ya yi tsit tana nan tana rusuna wa kujerun da a labarin babu kowa a kansu. Nan take mai kallo zai gane cewa tafin da ya yi da hannunsa yana cikin kan Rose ne, shi ma an saka shi cikin haukarta. A ganina babu wata dabara a tarihin wannan wasa da ta kai wannan, kuma ba ta buƙaci ƙarin kalma ko ɗaya ba. Ta ci Tony a 1975.

Tyne Daly, wadda aka sani a wasan talabijin na Cagney & Lacey, ta zo a 1989 da murya mai kaushi, ta nuna Rose a matsayin mace mai fafutukar neman na abinci, mai son Herbie, mutumin da ba ta aura ba. Ita ma ta ci Tony. Bernadette Peters ta biyo a 2003 ƙarƙashin Sam Mendes, aka yi ta ce-ce-ku-ce wai ta cika ƙanƙanta da laushi. Amma ta amsa wata tambaya da masu ƙarfin murya kan tsallake: ta yaya macen da ba ta da ko sisi take sa maza su yi mata abin da take so? Rose ɗin Peters da kissa take cin yaƙinta, saboda haka lokacin da kissar ta daina aiki, faɗuwarta ta fi ciwo.

Patti LuPone a 2008 ta haɗa muryar da ta kusa ta Merman da fushin da Merman ba ta nuna ba. Laurents, yana da shekara 90 a lokacin, ya sake ba da umarni, ya kuma ƙara ɗacin ƙarshen: Louise ta fice, ta bar uwar tana miƙa hannu ga fitilun da ke ɗauke da sunanta suna mutuwa. A watan Janairun 2009, ana saura kwana ɗaya a rufe wasan, LuPone ta tsayar da waƙar ƙarshe cak, ta yi wa wani mai ɗaukar hoto a cikin 'yan kallo tatas. Wasu sun ce rashin haƙuri ne. Ni kam na fahimce ta: wadda ta shafe awa biyu da rabi tana gina wannan minti biyar ɗin ba za ta so walƙiyar kyamara a fuska ba.

Imelda Staunton, wadda matasa suka fi sani da muguwar malamar nan ta finafinan Harry Potter, ta yi nata a gidan wasa na Savoy da ke Landan a 2015, kuma BBC ta ɗauke shi, don haka shi ne mafi sauƙin samu a kalla. Ƙaramar mace ce, amma Rose ɗinta tana ba da tsoro tun shigowar farko. A tashar jirgi, ba alkawari take yi wa Louise ba, kamun farauta take yi mata. Inda nake da ja da ita shi ne ta fara da zafi sosai, har ya zama saura kaɗan ya rage mata na hawa a ƙarshe. Duk da haka ta karɓi lambar yabo ta Olivier a 2016, kuma ta cancanta.

Sai Audra McDonald, a watan Disambar 2024, baƙar fata ta farko da ta taka Rose a Broadway, George C. Wolfe na ba da umarni. Ta yi karatun waƙar gargajiyar Turai a makarantar Juilliard, muryarta ta sama ce, ba irin ta Merman mai fitowa daga ƙirji ba. Maimakon ta ɓoye wannan, sai ta mayar da shi makami: tana hawa daga muryar ƙirji zuwa ta sama a daidai wuraren da Rose ke neman kuɓucewa, har a ji tsagin da ke tsakanin biyun. Masu sharhi sun rabu a kan haka. Wani abin kuma ya faru ba tare da an sake rubuta labarin ba. Da uwar ta zama baƙar mace a Amurka ta shekarun 1920, kuma June ta fi Louise hasken fata, fifikon da take nuna wa ɗaya a kan ɗaya ya sami wani dalili mai nauyi, haka ma kukanta na cewa an haife ta a lokacin da bai dace ba. McDonald na da Tony shida, fiye da kowane ɗan wasa, amma ta 2025 ta tafi hannun Nicole Scherzinger, kamar yadda ta 1960 ta wuce Merman.