Karin Sauti da Koyon Hausa ta Hanyar Na'urar Hira

Tun fitowar ChatGPT a 2022, wasu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu suka ɗauki na'urar hira tamkar malami. Sai dai akwai giɓi. Galibi daga rubutu na'urar ta tsinci harshen, rubutun boko na yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Ɗalibi Bayarabe, wanda ya saba ganin alamar karin sauti a rubutun harshensa, zai haddace jimla daidai, ya furta ta Bahaushe ya yi ta lalube. Ƙamusun Bargery na 1934 bai yi wannan sakaci ba.