Daga Kumbon Kolin Koliyo Zuwa Google Earth: Matsayin Matafiyi a Zuben Hausa

1.0 Gabatarwa

Tafiya tsohon jigo ce a rubutaccen zuben Hausa. Da ita Abubakar Imam ya gina Ruwan Bagaja a 1934, ya kuma bayar da labarin zuwansa Ingila na 1943 a Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda baƙo Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Tun da manhajar Google Earth ta fito a 2005, aka ƙara mata taurari a 2007, da wata da duniyar Mars a 2009, ɗalibi na iya yin wannan yawo yana zaune. Wannan maƙala za ta duba abin da ya rage wa marubuci.

2.0 Gani da Sani

Idan muka nazarci waɗannan littattafai, za mu ga ba siffar wuraren ce ta raya su ba, idon mai kallon ne. Kilba yaro ne da ya tashi a cikin al'adarmu, saboda haka da ma'aunin gida yake auna duk abin mamakin da ya tarar. Imam ma Ingila yake kallo, amma ƙasarsa yake wa magana. Manhaja kuwa hoton tauraron ɗan'adam take harhaɗawa. Ba ta jin tsoro, ba ta kewar gida, ba ta da wanda za ta komo ta ba labari.

Mu gwada da Keffi. Daga sama za mu hango kogin Antau, da titin Abuja zuwa Akwanga, da tudun da ake kira da sunan Maloni. Amma hoton ba zai gaya mana cewa a garin nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni a 1902, ya nufi Kano, Turawa suka sa karɓarsa cikin hujjojin yaƙar birnin a 1903 ba. Wannan sai a bakin dattawa da takardun tarihi.

3.0 Inda Haɗarin Yake

Abin da muke jiye wa sababbin marubuta shi ne su wadatu da allon kwamfuta. Labari zai iya kawo sunayen titunan Dubai daidai, alhali tauraronsa ya je ya dawo bai sauya ba. Irin wannan rubutu taswira ce aka yi wa ado. Ba mu hana amfani da manhajar ba, domin tana gyara kuskuren nisa da na alƙibla, tana kuma faɗaɗa tunani.

4.0 Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A fagen adabi kuwa, gani na buƙatar mai fassara shi. Marubucin da zai gaji Dembo sai ya hau sama da manhaja, sannan ya sauko ya zauna da mutanen da rufin gidajensu kawai ya hango.