Rarrabuwar Firesbiteriyan da Ma'aunin Littattafan Firaƙ: Tarken Wata Hanyar Karatu

Gabatarwa

Ɗalibin fannin kwatanta addinai yakan fara sanin ƙungiyoyi ne ta ƙofar littattafan firaƙ, irin su Al-Farƙu bainal Firaƙ na Abdulƙahir al-Bagdadi (ya rasu 429H) da Al-Milal wan Nihal na Shaharastani (ya rasu 548H). Tsarinsu sananne ne: a ambaci ƙungiya da wanda ya assasa ta, sannan a jero maganganun aƙida da suka raba ta da saura. Tsari ne da ya yi wa ilmin kalam hidima mai yawa. Aibin yana ɓullowa ne idan ɗalibi ya auna coci-coci da wannan ma'auni, ya ga sunaye goma, ya yanke cewa aƙidu goma ne, ya rufe babi. Wannan maƙala tana tarken wannan hanya, ta gwada ta a kan tarihin Firesbiteriyan, waɗanda suka yi fice wajen rabuwa da sake haɗuwa.

Asalin saɓanin

Sunan Firesbiteriyan ya fito daga kalmar Girkanci mai ma'anar dattijo. Zaɓaɓɓun dattawa da fasto ne ke tafiyar da kowane coci, sama da su akwai majalisu hawa-hawa har zuwa babban taro, kuma babu bishof. Matanin aƙidarsu shi ne na Wesminista, wanda aka kammala a 1646, Cocin Sikotlan ya karɓe shi a 1647.

A 1712 majalisar dokokin Birtaniya ta mayar wa masu gonaki da manyan gari ikon gabatar da faston da zai riƙe cocin yankinsu, ko da jama'ar cocin ba sa son sa. Daga wannan doka manyan rarrabuwar Sikotlan suka tsiro. Ebenezer Erskine ya fice da mutanensa a 1733. Waɗanda suka fice su ma suka dare biyu a 1747 a kan halaccin wata rantsuwa da ake sa mazauna wasu birane su yi. Thomas Gillespie ya kafa nasa ɓangaren a 1761. Mafi girma ita ce ta 1843, lokacin da fastoci sama da 450, cikin kimanin 1,200, suka bi Thomas Chalmers suka kafa 'Yantaccen Coci, suka bar albashi da gidajen da suke ciki, domin kotunan gwamnati sun ƙi yarda jama'a su ƙi faston da aka ɗora musu.

Dukkan waɗannan ɓangarori matanin Wesminista suke karantarwa. Da za a zana musu jadawali irin na Bagdadi, da layin aƙida ya zauna kusan wayam. Abin da ya raba su shi ne tambayar wa ke da ikon naɗi, kuma ina iyakar hukuma a cikin lamarin addini. Haka a Amurka: cocin ya rabu Arewa da Kudu a 1861 saboda yaƙin basasa da batun bauta. Gaskiya ne akwai rabuwar da aƙida ce tushenta, kamar ta 1936 da J. Gresham Machen ya jagoranta don adawa da masu sassaucin tawili. Aikin mai nazari shi ne ya tantance wannan daga waccan, ya daina zuba su a kwando ɗaya.

Babin da littattafan firaƙ ba su da shi

Littattafan firaƙ suna da babin rabuwa, amma ba su ware babin haɗuwa ba, domin ƙungiyar da ta ɓalle a kan asali ba ta dawowa sai ta bar asalin nata. A tarihin Firesbiteriyan kuwa haɗuwa rabin labarin ce. Rassan da suka rabu a 1747 sun haɗe a 1820, suka haɗe da mutanen Gillespie a 1847. An soke dokar naɗin fasto a 1874, aka sake wata haɗaka a 1900, sannan mafi yawansu suka koma Cocin Sikotlan a 1929. Arewa da Kudun Amurka sun jira har 1983, shekara 122 bayan rabuwa. Da sababi ya gushe, rabuwar takan bi shi, ko da a hankali.

Haɗakar 1900 ta cancanci a tsaya a kanta. 'Yan tsiraru daga 'Yantaccen Coci sun ƙi shiga, suka kai ƙara cewa su ne magadan asali. A 1904 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ba su gaskiya, ta mallaka musu dukiyar cocin baki ɗaya, sai da majalisa ta yi doka a 1905 aka raba dukiyar. Wato haɗa ƙungiyoyi biyu ya haifar da babba ɗaya da ƙarama ɗaya da shari'a. Irin wannan ta faru a Nijeriya. Cocin Firesbiteriyan na nan, wanda ya faro daga zuwan Hope Waddell Kalaba a 1846, ya shirya haɗewa da Angilika da Metodis a Disamban 1965, sai ƙarar da wasu 'yan Metodis suka shigar a Legas ta tsayar da shirin dab da ranar biki.

A ƙasar Hausa

Mishan ɗin da ya fi aiki a ƙasar Hausa shi ne SIM, wanda ya tara ma'aikata daga ɗarikun Kirista daban-daban, kuma ya riƙe makarantar yara maza a Roni, cikin masarautar Kazaure, a zamanin Turawa. Daga gare shi ECWA ta fito a 1954, tana tafiya da tsarin dattawa da majalisu hawa-hawa. A yankin Maradi kuwa aikin SIM ya haifar da cocin EERN, wanda yake cikin ƙungiyar duniya da Firesbiteriyan suke ciki. Daga bisani ya rabu, UEEPN da cocin Salama suka fita, alhali koyarwar da suka gada daga SIM ɗaya ce. Ɗalibin Kazaure ko Ɓaɓura da zai rubuta kundi a kan maƙwabtansa Kiristoci, idan ya ƙidaya irin waɗannan sunaye a matsayin aƙidu, ya siffanta mutane da abin da ba su faɗa ba, kuma adalci a naƙali wajibi ne ko a kan wanda aka saɓa wa.

Kuskuren yana dawowa gida. An kafa Jama'atu Izalatil Bid'a wa Iƙamatis Sunna a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris. Zuwa farkon shekarun 1990 ta zama ɓangaren Jos da ɓangaren Kaduna, suna ɗaya, littattafai ɗaya. An yi sulhu a Disamban 2011, amma ɓangarorin sun ci gaba da shugabanci daban-daban. Wanda ya saba fassara kowace rabuwa da aƙida zai nemo wa kowane ɓangare bidi'ar da zai jingina masa, ya hura wutar da ya kamata ya kashe. Imam Shaɗibi (ya rasu 790H) ya riga ya bayyana a Al-I'itisam cewa ƙungiya tana shiga cikin firaƙ ne idan ta saɓa a ƙa'ida gamammiya ta addini, ban da saɓani a juzu'i. Rikicin kujera da baitulmali bai kai wannan matsayi ba.

Kammalawa

Littattafan firaƙ suna nan da darajarsu a fagen da aka rubuta su dominsa. Abin da ake nema ga mai nazarin ƙungiyoyin zamani, na Kirista ko na Musulmi, shi ne ya ƙara tambayoyi huɗu kafin ya yanke hukunci: wane matani ɓangarorin suke karantarwa, wa ke naɗa shugaba, da sunan wa aka rubuta takardun filaye da makarantu, kuma me ya sami waɗanda suka ƙi sulhu. Amsoshin suna cikin tsarin mulkin ƙungiyoyi da takardun kotu da bakin dattawan da suka halarci tarukan, kuma can ya kamata masu duba kundaye su tura ɗalibansu. Allah ne Mafi sani.